Yadda Ake Shirya Takardun Shiga Masarautar Eswatini Domin Yawon Buɗe Ido

Eswatini, wadda aka fi sani da Swaziland kafin Sarki Mswati na Uku ya sauya mata suna a watan Afrilun 2018, ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita dubu 17 da 'yan kai, wato ko girman Jihar Kano ba ta kai ba. Afirka ta Kudu ce ta kewaye ta daga arewa da yamma da kudu, Mozambik kuma ta tare ta daga gabas, kuma babu jirgin da ke tashi daga Afirka ta Yamma ya sauka a cikinta kai tsaye. Saboda haka duk wanda ya yi niyyar zuwa ganin namun dajin Hlane, ko hawan dutsen Sibebe, ko kallon bikin Umhlanga na rawar kara da 'yan mata ke yi, ya sani tun daga gida cewa takardun ƙasa biyu zai shirya, kuma sau da yawa takardun ƙasar da zai ratsa sun fi na masarautar kanta wahalar samu. Wannan bayani ya bi matakan ne bisa tsarin da ya kamata a yi su, domin wanda ya sa na baya a gaba yakan yi asarar kuɗin tikiti.

Mataki na farko: gane matsayin fasfonka

Eswatini ta yafe biza ga 'yan ƙasashe da dama idan ziyarar ba ta wuce kwana 30 ba. Cikinsu akwai maƙwabtanta na kudancin Afirka kamar Afirka ta Kudu da Mozambik da Botswana da Lesotho da Zimbabwe, da Kenya da Tanzaniya da Uganda, da Amurka da Ingila da yawancin ƙasashen Turai. Mai fasfon Gana ma yana cikin waɗanda aka yafe wa. Amma mai fasfon Najeriya, ko Nijar, ko Kamaru, ko Cadi, ko Sudan, sai ya nemi biza kafin ya taso. Wasu kan ɗauka cewa tun da Najeriya da Eswatini duk suna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, yafiyar ta haɗa da su, alhali ba haka abin yake ba. Abin da jami'in shige da fice yake dubawa shi ne ƙasar da ta ba da fasfon, don haka ɗan Najeriya da ke zaune a Landan ko Kumasi da fasfon Najeriya yana buƙatar biza kamar wanda ya taso daga Katsina.

Jerin ƙasashen da aka yafe wa yakan canza, saboda haka kafin a kashe ko sisi sai a tabbatar da shi a shafin intanet na gwamnatin Eswatini, a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda sashen shige da fice yake hannunta. Idan ana cika fom ko ana neman tikiti aka rasa sunan Eswatini a jerin ƙasashe, a duba Swaziland, domin har yanzu akwai manhajojin da ba su sabunta sunan ba.

Mataki na biyu: duba lafiyar fasfon

Ƙa'idar Eswatini ita ce fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku kafin ya ƙare, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Afirka ta Kudu ma tana neman nata shafi biyun. Shawarata ita ce kada a tsaya a kan mafi ƙarancin abin da doka ta ce: a tafi da fasfon da ke da sauran wata shida ko fiye, da shafuka shida a sarari, domin biza biyu za su cinye shafi biyu, sannan wanda ya bi ta mota zai sha hatimi a shiga da fita a kowane ɓangare na iyaka, zuwa da dawowa. Wanda fasfonsa na Najeriya mai shafi 32 ya kusa cika, gara ya sabunta shi kafin ya nemi biza. Takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS ba ta aiki a can, haka ma katin shaidar ɗan ƙasa.

Mataki na uku: zaɓi hanya kafin ka nemi biza

Irin bizar da za a nema ya dogara ne da hanyar da za a bi, kuma hanyoyin uku ne. Ta farko ita ce jirgi har zuwa cikin ƙasar. Daga Kano ko Abuja ko Yamai ko Njamena ana iya bin jirgin Habasha a yada zango a Addis Ababa a wuce Johannesburg, akwai kuma masu bi ta Nairobi ko Kigali, ko su tashi kai tsaye daga Legas ko Akara. Daga filin jirgin O.R. Tambo na Johannesburg sai a shiga ƙaramin jirgi na kamfanin Airlink ko Eswatini Air, tafiyar da ba ta cika awa guda ba, a sauka a filin jirgin Sarki Mswati na Uku da ke Sikhuphe, wanda aka buɗe a 2014. Filin yana gabashin Manzini ne, kuma daga nan zuwa Mbabane, babban birnin ƙasar, tafiyar kimanin awa guda ce a mota, don haka a shirya wanda zai ɗauko mutum tun kafin a sauka.

Hanya ta biyu ita ce a sauka a Johannesburg a ƙarasa da mota, tafiyar awa huɗu zuwa biyar har mashigar Oshoek, wadda a ɓangaren Eswatini ake kira Ngwenya. Wanda ya fito daga Durban ta mashigar Golela zai shiga, wato Lavumisa a ɓangaren masarautar, wanda kuma ya fito daga gandun dajin Kruger yakan bi Jeppes Reef, wato Matsamo, ko Mananga. Ta uku ita ce ta Maputo, babban birnin Mozambik, a shigo ta Lomahasha ko Mhlumeni, ita kuma tana buƙatar a cika sharuɗɗan shiga Mozambik.

Ga mai fasfon da ke buƙatar biza, kuma Eswatini kaɗai yake nufi, hanyar jirgi a kan tikiti guda ita ta fi sauƙin takardu. Hanyar mota ta fi araha kuma ta fi ban sha'awa, amma ba ta yiwuwa sai da cikakkiyar bizar Afirka ta Kudu.

Mataki na huɗu: neman bizar Eswatini

Masarautar ba ta da ofishin jakadanci a Abuja ko Yamai. Ofisoshinta da suka fi amfani ga matafiyi daga Afirka su ne na Pretoria da ƙaramin ofishin Johannesburg, da na Maputo, da na Addis Ababa, sannan akwai na Landan da Washington ga mazauna can. Wanda ba ya kusa da ko ɗaya daga cikinsu, hanyar da aka saba bi ita ce mai masaukinsa, ko otal ɗin da zai sauka, ko kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a ƙasar, ya shigar masa da buƙatar a sashen shige da fice a Mbabane, a aiko masa da takardar amincewa kafin ya taso. A rubuta wa ma'aikatar ko ɗaya daga cikin ofisoshin jakadancin wasiƙa ta imel, a faɗi ƙasar fasfo da inda ake zaune da ranakun tafiya, a nemi su bayyana hanyar da za a bi da kuɗin da za a biya, sannan a buga amsar a takarda a riƙe ta.

Takardun da za a tanada su ne fom ɗin neman biza da aka cika aka sa hannu, da hotunan fasfo sababbi, da kwafin shafin fasfo mai ɗauke da hoto, da wasiƙar da ke bayyana dalilin ziyara da tsawonta, da shaidar kama ɗaki a otal ko takardar gayyata daga mai masauki haɗe da kwafin katin shaidarsa, da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da bayanin asusun banki na watannin baya-bayan nan. Ma'aikaci ya haɗa da wasiƙar wurin aikinsa da ke nuna an ba shi hutu, ɗan kasuwa kuma ya haɗa da takardar rajistar kasuwancinsa. Takardun da aka rubuta da Faransanci ko Larabci, kamar na Nijar da Cadi da Sudan, a sa a fassara su zuwa Turanci a wurin mai fassara da hukuma ta amince da shi, domin Turanci da siSwati ne harsunan aiki a ƙasar.

Wasiƙar dalilin ziyara ta cancanci a zauna a rubuta ta da kyau. Wanda ya rubuta cewa zai kwana uku a kwarin Ezulwini, ya ziyarci gandun dajin Mlilwane, ya kwana biyu a Hlane, sannan ya koma ranar kaza a jirgi kaza, ya sauƙaƙa wa jami'in aikinsa fiye da wanda ya rubuta kalmar yawon buɗe ido kawai ya sa hannu. Ranakun da ke cikin wasiƙar su dace da na otal da na tikiti, suna kuma ya zo daidai da yadda yake a fasfo. Wannan ya shafi mutanenmu ƙwarai, domin ba abin mamaki ba ne a ga Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar banki, Mamman a wasiƙar wurin aiki, kuma jami'in da ke Mbabane ba shi da hanyar sanin cewa mutum ɗaya ne.

A fara wannan aiki aƙalla wata biyu kafin ranar tafiya, a ƙara lokaci idan ziyarar ta faɗa a kan manyan bukukuwa: Umhlanga a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, Incwala, bikin sarauta na gargajiya, a Disamba ko Janairu, da bikin kiɗa na Bushfire da ake yi a Malkerns a ƙarshen Mayu. A irin waɗannan lokuta ɗakunan otal kan ƙare da wuri, kuma ba tare da shaidar masauki ba buƙatar biza ba ta cika ba. Kada a biya cikakken kuɗin tikitin da ba a mayarwa sai amincewa ta fito. Duk dillalin da ya ce zai samo biza cikin kwana biyu ba tare da ya nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu ba, a guje shi.

Mataki na biyar: takardun Afirka ta Kudu

Nan ne tafiyar mutane da yawa take lalacewa. Fasinjan da kayansa za su wuce kai tsaye zuwa Sikhuphe a kan tikiti guda, wanda ba zai fita daga sashen masu yada zango na filin O.R. Tambo ba, matsayinsa daban ne da na wanda zai karɓi jakarsa ya sake auna ta a wani kamfani. Na biyun dole ne ya bi ta gaban jami'an shige da fice, wato ya shiga Afirka ta Kudu ke nan a idon doka, ko da awa biyu kawai zai yi. Saboda haka wanda ya sayi tikitin Johannesburg daban, ya sayi na Eswatini daban domin neman sauƙi, ya jawo wa kansa buƙatar biza, kuma ma'aikatan jirgi tun daga Kano ko Abuja za su iya hana shi hawa idan ba shi da ita. A tambayi kamfanin jirgin a rubuce ko kaya za su wuce har ƙarshen tafiya, da kuma abin da suke buƙata daga mai irin fasfon da aka riƙe.

Wanda zai bi ta mota, ko zai kwana a Johannesburg, sai ya nemi bizar ziyara. A Najeriya ana shigar da buƙatar ne ta cibiyoyin VFS Global, kamfanin da ke karɓar takardun neman biza, akwai a Abuja da Legas. Mai fasfon Gana ya huta da wannan, domin tun ranar 1 ga Nuwamba 2023 ƙasashen biyu suka yafe wa juna biza ta kwana 90 a shekara.

Abin da ya fi muhimmanci a fom ɗin shi ne a nemi biza mai ba da izinin shiga sau da yawa. Bizar shiga sau ɗaya tana mutuwa ne a daidai lokacin da jami'in Oshoek ya buga hatimin fita. Mutum ya gama hutunsa a Eswatini, ya dawo bakin iyaka da nufin kama jirginsa a Johannesburg, sai a ce masa ba shi da izinin shiga, ga jirgi na jiransa a nisan awa biyar. Mafitarsa a lokacin ita ce ya koma Mbabane ya nemi sabuwar biza a ofishin jakadancin Afirka ta Kudu, abin da ba a gamawa a rana ɗaya, ko ya sayi sabon tikitin jirgi daga Sikhuphe. Domin kauce wa haka, a bayyana a wasiƙar neman bizar cewa za a shiga Eswatini a dawo, a haɗa da kwafin amincewar Eswatini da shaidar otal na can. Wannan ne dalilin da ya sa ake fara neman ta masarautar. Idan fasfo ya dawo, a buɗe a karanta abin da aka rubuta a kan bizar game da yawan shiga tun kafin a bar cibiyar.

A kuma lura cewa shiga Eswatini ba ya sabunta wa'adin da Afirka ta Kudu ta bayar, kwanakin suna ci gaba da tafiya. Wanda ya wuce wa'adinsa a Afirka ta Kudu ana haramta masa shiga ƙasar na shekara ɗaya idan abin bai haura kwana 30 ba, idan ya haura kuma shekara biyar.

Mataki na shida: katin rigakafin shawara

Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan duk suna cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin masu haɗarin zazzaɓin shawara, haka ma Habasha da Kenya da ake yada zango a cikinsu. Eswatini da Afirka ta Kudu duka suna neman katin rigakafi daga wanda ya fito daga waɗannan ƙasashe, kuma Afirka ta Kudu na iya mayar da wanda ba shi da shi ko ta killace shi har kwana shida. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, amma tun daga 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. A Najeriya ana karɓarsa ne a ofisoshin kula da lafiya na tashoshin shiga ƙasa, bayan an yi rajista an biya ta intanet. A ajiye shi a cikin fasfo, kada a sa shi a jakar da za a auna. Akwai zazzaɓin cizon sauro a ƙasar kwari ta gabashin Eswatini, inda Hlane take, musamman a damina daga Nuwamba zuwa Afrilu, don haka mai zuwa can ya ga likita kafin ya tashi.

Masu tafiya da yara su ɗauki takardar haihuwar kowane yaro mai ɗauke da sunan uwa da uba, kuma idan ɗaya daga cikin iyayen ne kaɗai ke tafiya, ko kuma kawu ko gwaggo ce ta ɗauko yaron, a riƙe takardar amincewar iyaye da aka yi rantsuwa a kanta a kotu, tare da kwafin fasfonsu. Kowane yaro da nasa fasfon da tasa bizar.

Mataki na bakwai: ranar tsallaka iyaka

A filin jirgin Sikhuphe aikin gajere ne: a miƙa fasfo da biza ko takardar amincewa, da katin rigakafi, a amsa tambayar inda za a sauka da ranar komawa. A riƙe kwafin komai a takarda, domin waya na iya mutuwa ko ta rasa sabis.

A kan iyakar ƙasa aikin kashi biyu ne. Da farko a ajiye mota a ɓangaren Afirka ta Kudu, kowa ya sauko da ƙafarsa ya shiga ofis a buga masa hatimin fita. Daga nan a tuƙa 'yan mitoci zuwa ɓangaren Eswatini a sake saukowa. A nan ake ba direba wata 'yar guntuwar takarda da aka rubuta lambar mota da yawan mutanen da ke cikinta, wadda za a buga wa hatimi a teburin shige da fice da na kwastan, sannan a miƙa wa jami'in da ke tsaye a ƙofar fita. Ƙarama ce har iska na iya ɗauke ta, amma idan ta ɓace ba za a ɗaga sandar ƙofa ba sai an koma layi. Motar da ba ta da lambar Eswatini tana biyan harajin hanya a wani teburi na daban, a ajiye rasit ɗin har ranar fita. Idan motar haya ce, a gaya wa kamfanin tun ranar ɗauka cewa za a tsallaka iyaka da ita, domin su ba da wasiƙar izini, in ba haka ba jami'ai za su tsayar da ita. Tuƙi a can ta hannun hagu ake yi.

Mashigan ba lokaci ɗaya suke rufewa ba. Manya irin su Ngwenya suna aiki har cikin dare, ƙanana kuma irin su Bulembu, da ke kan duwatsu ta hanyar Barberton, da yamma suke rufewa. A tabbatar da lokacin mashigar da za a bi kwana ɗaya kafin tafiya, a kuma gyara agogo, domin can suna gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, suna gaban Gana da awa biyu. Yammacin Juma'a da jajibirin hutun Ista da na Kirsimeti layin Oshoek yakan yi tsawo ƙwarai.

Kafin a bar gaban teburi a duba hatimin da aka buga da yawan kwanakin da jami'in ya rubuta, domin abin da ya rubuta shi ne wa'adin, ko da ya gaza abin da aka nema.

Mataki na takwas: kwastan da kuɗi

Nama da kayan da aka yi da shi ba sa shiga Afirka ta Kudu sai da izini na musamman, don haka guzurin kilishi da dambun nama a cinye shi a gida ko a jirgi. Goro da sauran kayan tsiro a bayyana su ga jami'ai maimakon a ɓoye. Mai shan magani ya tafi da shi a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, musamman magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi. A Afirka ta Kudu, kuɗin ƙasashen waje da ya haura dala dubu goma dole a bayyana shi.

Kuɗin Eswatini shi ne lilangeni, darajarsa ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar takardun rand ko'ina a masarautar. Saboda haka wanda ya canza kuɗinsa zuwa rand a Johannesburg ya gama. Amma lilangeni ba ya sayen komai da zarar an tsallaka Oshoek, don haka canjin da aka tara a kashe shi a kan mai ko tsaraba kafin a fita.

Mataki na tara: ƙarin wa'adi da fita

Wanda yake son ya wuce kwanakin da aka ba shi ya je Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Mbabane kafin wa'adin ya ƙare, da fasfo da tikitin komawa da shaidar masauki da ta kuɗi, ya nemi ƙarin da zai iya kaiwa kwana 30. Zaman da ya wuce kwana 60 yana buƙatar izinin zama na wucin gadi, wanda sharuɗɗansa daban ne. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki ko buɗe shago ba. Kafin a nemi ƙarin, a lissafa ko bizar Afirka ta Kudu za ta kai sabuwar ranar dawowa, a kuma gyara tikitin jirgi daidai da ita. Ranar fita a tabbatar an sami hatimin fita na Eswatini da na shiga na Afirka ta Kudu ga kowane mutum da ke cikin motar, har da yara, domin jami'in filin jirgin Johannesburg zai nemi ganin hatimin shigar kafin ya buga na ƙarshe.